A'isha, Indo da Shatu: amsoshin tambayoyinku kan sunayen mata

Tambaya: Malam, an raɗa wa 'yata suna A'isha. Mece ce ma'anarsa, kuma me ya sa ya yi yawa haka a cikinmu?

Allah ya raya ta. Wannan addu'ar ma ita ce ma'anar sunan. Ya fito daga tushen Larabci mai harufa uku, aini da ya'u da shinun, wanda ke nufin rayuwa. Daga nan aka sami "ma'isha", wato abin da mutum ke rayuwa da shi. A'isha kuwa ita ce mai rayuwa, rayayya. Larabawa kan sa shi don fatan yarinya ta yi tsawon kwana cikin wadata.

Yawansa ba daga ma'anar ya zo ba, domin akasarin masu sa shi ba su taɓa tambayar ma'anar ba. Albarkacin mai sunan ake nema: Nana A'isha 'yar Sayyidina Abubakar, matar Annabi (SAW), wadda malaman hadisi suka ƙidaya mata ruwayoyi 2,210, ta rasu a Madina shekara ta 58 bayan Hijira. Ga kuma al'adar mayar da suna. Kaka A'isha ce, a mayar wa jika, gwaggo A'isha ce, a yi mata takwara, kafin ka ankara gida ɗaya ya tara huɗu.

Tunda an taɓo inda yake mini ƙaiƙayi, bari in yi magana kan rubutu. Sunan gaɓa uku ne: A, 'i, sha. Wannan ɗan waƙafin na sama ba ado ba ne, hamza ce, ita ke raba gaɓar farko da ta biyu. In ka cire ta ka rubuta Aisha, Bahaushe zai karanta "ai" a haɗe kamar a "aiki", sunan ya koma gaɓa biyu. Na haƙura da wannan, don takardun makaranta da fasfo sun riga sun tabbatar da shi. Wanda ba na iya haƙura da shi shi ne abin da 'yan mata ke yi a Facebook: Aeeshart, Ayeesherh, Eeshat. Ina aka samo "r" a sunan nan? Ba ta cikin Larabci, ba ta cikin Hausa. Haka suka yi wa Fatima da Khadija, suka cusa musu harufa har mai sunan ma sai ta tsaya ta yi tunani kafin ta rubuta. Iyaye sun yanka rago ranar bakwai sun zaɓi suna mai asali, ke kin zo kin ɓata shi da yatsa ɗaya.

Tambaya: Humaira suna ne na daban?

Laƙabin A'isha ne, ma'anarsa 'yar ja, wato mai hasken fata. Yanzu wasu na raɗa shi shi kaɗai.

Tambaya: Malam, daga ina Shatu da Indo suka fito?

Shatu gutsuren A'ishatu ne, kamar yadda A'i yake gutsuren farkonsa. Ita "tu" ɗin nan ta'un mace ce ta Larabci haɗe da wasalin rufu'a. Balarabe kan yar da ita in ya tsaya a kan sunan, mu kuwa da yake daga bakin malaman allo da littafi muka karɓa, sai muka riƙe ta: Hafsatu, Halimatu, Aminatu, Hadizatu. Indo laƙabi ne da ke bin sunan, irin Kulu ga Hauwa, Binta ga Fatima, Abu ga Zainabu. Amfaninsu a fili yake: alkunya. Uwa ba ta iya kiran sunan surukarta gatsal don an mayar wa 'yarta, sai ta ce Indo ko Ummi. Masu ganin Indo sunan ƙauye ne su sani cewa ladabi ne ya haife shi.

Tambaya: Na ji an ce Asiya ba suna mai kyau ba ne. Gaskiya ne?

Sunaye biyu ne boko ya haɗe su. Akwai Asiya da alifi da sinun, sunan matar Fir'auna mai imani, wannan ba laifi. Akwai kuma mai aini da sadi, ma'anarsa mai saɓo, shi ne wanda Annabi (SAW) ya canza wa wata ya mayar Jamila, kamar yadda Muslim ya ruwaito. Mai raɗa suna ya san wanda yake furtawa, kuma in za a rubuta da ajami a duba harafin farko da na tsakiya.

Tambaya: Me ake nufi da "suna linzami"?

Yadda linzami ke juya doki, haka suna ke juya mai shi: ko a tsakiyar taro ka kira shi, sai ya waiwayo. Wasu kan faɗaɗa shi su ce suna na jan mutum zuwa halin da ya ƙunsa. Ma'anar farko ita ce ta asali.

Tambaya: Khadija fa?

Jaririyar da aka haifa kafin watanninta su cika, bakwaini ke nan. Hadiza da Dije duk ita ce.