Tambaya da Amsa: Karatun masta a fannin bulokcen, daga ina za a fara?

Tambaya daga wani ɗalibi a Garwa: Malam, barka da aiki. Na gama lisans a ilimin kwamfuta, ina son yin masta a kan ƙera bulokcen. Me ake koyarwa, kuma sai na fita waje?

Amsa: Barka kadai, ɗan'uwa. Da farko dai ka cire harkar saye da sayar da Bitcoin daga ranka, domin ba ita ake karantarwa ba. Bulokcen littafin ajiyar bayanai ne da kwamfutoci da yawa ke riƙe da kwafinsa a lokaci guda. Kowane shafi yana ɗauke da hatimin lissafi na shafin da ya gabace shi, saboda haka in wani ya canza harafi ɗaya a tsohon shafi, hatimin duk shafukan da ke bayansa ya lalace, sauran kwamfutocin kuma su ƙi karɓa. Bitcoin, wadda aka wallafa takardar tsarinta a 2008 ta kuma fara aiki a Janairun 2009, tana yin wannan hatimi da wata dabarar lissafi mai suna SHA-256, ana ƙara shafi kusan kowane minti 10.

Masta na gaskiya yana tsaye ne a kan lissafin sirranta bayanai, da yadda kwamfutocin da ba su amince da juna ba ke cimma matsaya ɗaya, sannan tsaron manhaja. Rubuta yarjejeniya mai aiwatar da kanta a harshen Solidity, wanda ake amfani da shi a bulokcen ɗin Ethereum, shi ne ɓangare mafi sauƙi. Wanda ya iya JavaScript ko Python zai kama shi cikin 'yan makonni. Inda ɗalibai ke shan wuya shi ne lissafi. In ka san ka tsallake darasin lambobi da na yiwuwar aukuwa da ƙyar, koma ka gyara kafin ka shiga.

Tsaron nan shi na fi so ka ba muhimmanci. A 2016 an kwashe Ether, wato kuɗin Ethereum, kusan miliyan 3.6 daga wata yarjejeniya da ake kira The DAO saboda kuskuren jerin layuka kawai: manhajar tana aika kuɗi kafin ta rage abin da ya saura wa mutum a littafi. Ka ɗauka mai shago ne ya miƙa maka jaka biyar, kafin ya ɗauki biro ka sake miƙa hannu, shi kuma ya duba littafi ya ga har yanzu kana bin sa, ya sake ba ka. Maganin shi ne a rubuta a littafi tukuna, sannan a aika. Yarjejeniyar da aka ɗora a sarƙa, wato bulokcen, ba a goge ta kamar yadda ake gyara shafin intanet, shi ya sa ƙaramin kuskure ke zama babbar asara.

Batun fita waje kuwa, ba dole ba ne. A tsarinmu na Kamaru masta shekara biyu ne bayan lisans. Jami'ar Ngaundere tana da sashen lissafi da kwamfuta, Jami'ar Marwa kuma tana da makarantar injiniya da ke koyar da kwamfuta da sadarwa. Shawarata ita ce ka yi masta a kwamfuta ko tsaron bayanai, ka sa kundin kammala karatunka a kan bulokcen, ka kuma nemi malamin da zai duba ka tun shekarar farko. Wannan takarda za ta ci maka abinci a banki ko kamfanin waya ko da kasuwar kuɗin intanet ta faɗi. In kana son wanda ya keɓanta da fannin, Jami'ar Nikosiya da ke Sayifurus tana ba da masta ta intanet tun 2014, da Turanci. Ka lissafa kuɗinta da yuro ɗaya a kan sefa 655.957, kuma ka karanta jerin darussanta da kyau ka ga nawa ne na rubuta manhaja, nawa ne na kuɗi da doka.

Tambaya daga wata ɗaliba a Kusiri: Kwamfutata ƙarama ce, data tana da tsada, ga ɗauke wuta. Zan iya koyon wannan abu kuwa?

Amsa: Ƙwarai kuwa, 'yar'uwa. Kada ki yi yunƙurin sauke cikakken littafin Bitcoin, ya haura gigabait 600 kuma ba kya buƙatarsa. Ki fara da Remix, manhajar rubuta Solidity da gwada shi, a burauza yake aiki. Daga nan ki saka Foundry ko Hardhat, su ƙirƙirar miki sarƙar gwaji a cikin kwamfutarki ba tare da intanet ba. In kin shirya gwadawa a fili, ki yi amfani da Sepolia, sarƙar gwaji ta Ethereum, inda kuɗin na gwaji ne, kyauta ake samu. RAM gigabait 8 da SSD sun isa wannan. Hyperledger Fabric, wanda kamfanoni ke amfani da shi, yana tayar da akwatunan Docker (wato keɓaɓɓun wuraren gudanar da manhaja) da yawa lokaci guda, a nan RAM gigabait 16 ya fi kwanciyar hankali.

Ki riƙa adana aikinki da Git, manhajar ajiye tarihin canje-canje, duk bayan ɗan canji saboda wuta. Amma hattara: kada makullin sirri na asusunki ya shiga fayil ɗin da za ki tura GitHub, shafin da ake ɗora aikin manhaja a intanet. Akwai manhajojin da ke sintiri dare da rana suna neman irin wannan, suna kwashe asusu cikin mintoci. Ki buɗe asusun gwaji daban wanda babu ko sisi na gaske a ciki.

Tambaya daga Marwa: Wane batu zan ɗauka a kundina da zai amfani mutanenmu?

Amsa: Adashi batu ne mai kyau, domin yana da ƙa'idoji a fili: wa ya zuba, wa zai kwasa, me za a yi wa wanda ya makara. Bin sawun auduga ko shanu daga makiyayi zuwa kasuwa shi ma yana da nama, sai dai masu jarraba ka za su tambaye ka wa ke shigar da bayanin farko. In wakili ya rubuta cewa an yi wa saniya rigakafi alhali ba a yi ba, sarƙar za ta adana ƙaryar har abada. Za su kuma tambaye ka me ya hana ka amfani da rumbun bayanai na yau da kullum. In hukuma ɗaya ce ke riƙe da komai, bulokcen ba shi da aiki a wurin. Ka kuma sa babi a kan doka: a Mayun 2022 COBAC, mai sa ido kan bankunan ƙasashe shida na yankinmu na Afirka ta Tsakiya, ta hana bankuna da kamfanonin biyan kuɗi da ke ƙarƙashinta shiga harkar kuɗin intanet, don haka samfurinka ya tsaya a sarƙar gwaji.