Alkawuran Ɗaukar Aiki da Kuɗin Fanshon da Ba a Zuba Ba

Malam, na karanta wasiƙarka. Ka ce wani kamfani a Kano ya janyo ka daga tsohon wurin aikinka da alkawarin kuɗin haya, inshorar lafiya da ƙarin albashin wata guda a ƙarshen shekara, ga shi shekara ta zagayo ba ka ga ko ɗaya ba, sannan da ka duba asusun fanshonka ka tarar babu ko sisi, alhali ana cira daga albashinka duk wata.

Maganar fansho ta fi damuna, domin ba alfarma ba ce, haƙƙi ne da doka ta wajabta. Dokar Fansho ta 2014 ta tilasta wa kamfani mai ma'aikata 15 zuwa sama ya zuba aƙalla kashi 10 cikin ɗari na albashin ma'aikaci, shi kuma a cire masa kashi 8, a tura duka ga kamfanin da ke ajiye kuɗin cikin kwanakin aiki 7 bayan biyan albashi. Wanda ya yi jinkiri akwai tara a kansa, wadda ba ta gaza kashi 2 cikin ɗari na abin da ya riƙe ba, a kowane wata. Dokar ta kuma wajabta inshorar rai ta aƙalla ninki uku na albashin shekara, abin da iyalai da yawa ba sa sani sai bayan rasuwar mai gida.

Sauran alkawuran kuwa, ƙarfinsu yana cikin takardar ɗaukarka aiki. Idan an rubuta su a ciki, ko a kundin ƙa'idojin ma'aikata da takardar ta ambata, sun zama yarjejeniya, kuma kana iya neman su kamar bashi. Ka dai duba da kyau ko an rubuta cewa ƙarin albashin yana bisa ganin damar kamfani, domin wannan jimla tana raunana da'awa ƙwarai. Idan da baki aka yi maka, hanyar ta fi wuya, sai dai saƙonnin WhatsApp da na imel suna iya taimakawa, tun da Dokar Shaida ta 2011 ta yarda da irinsu idan an cika sharuɗɗa. Kada ka goge ko ɗaya.

Shawarata ita ce ka fara rubuta wa kamfanin takarda cikin ladabi, ka jera abin da kake bi, ka riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Idan suka yi shiru, ka kai ƙorafin fansho ga PenCom, hukumar da ke kula da harkokin fansho ta ƙasa, tare da takardun albashinka da bayanin asusunka. Sauran kuma hurumin Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ne, wadda take da reshe a Kano da kuma sashen sulhu. Ina roƙonka kada fushi ya sa ka ajiye aikin ba tare da ba da sanarwar da takardarka ta tanada ba, domin hakan zai ba su damar su bi ka kuɗin wa'adin sanarwar su cire daga haƙƙinka.