Sauya Lagireton Marsandi 240D: A Bar Tamostat A Wurinsa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da tsohuwar Marsandi 240D mai shan gas, ƙirar 1983. Wuyan lagireton na sama ya tsage, ruwa na zuba, allurar zafi kuma tana haura 100 in na shiga cunkoso. Bakanike ya ce mu sauya lagireto, mu cire tamostat gaba ɗaya, wai don ƙasar sanyi aka yi shi. Tsorona kada gasket na kan inji ya ƙone, da motar nan nake ciyar da iyalina. Daga Katsina.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ajiye motar har a gama gyara, kada ka ci gaba da ƙara ruwa kana lallaɓawa. Wuyan roba in ya tsage, gam ba ya riƙe shi, sauyawar ita ce daidai.

A bari inji ya huce sarai. A juye ruwan ta ƙasan lagireto, a kuma kwance noti na juyewa da ke jikin bulok, don a nan laka take kwanciya. A cire tiyon sama da na ƙasa da rumfar fanka. In giyar otomatik ce, akwai bututu biyu na man giya a ƙasa, a toshe bakinsu kada ƙasa ta shiga. Sai a zare kilif biyu na sama a ɗaga lagireto a miƙe. Sabon ya zauna daram a kan robobinsa na ƙasa. Tiyon da ya kumbura ko ya bushe a sauya shi, murfi ma a sa sabo mai lamba irin ta tsohon, 100 ko 120. Matsin murfin ne ke hana ruwa tafasa sai ya kai wajen digiri 120.

Injin yana cin ruwa kusan lita 10. A haɗa rabi kulan, wato ruwan sanyaya inji na kanti, rabi tataccen ruwa irin na batir wanda ba asid. Ruwan rijiya yana barin farin ɓawon nan da kake gani a gindin butar shayi, shi ke toshe ƙananan hanyoyin lagireto. A buɗe hita zuwa ƙarshe lokacin cikawa, a kunna inji har tiyon sama ya ɗau zafi, a ƙara abin da ya ragu.

Maganar cire tamostat kuwa, ɓarna ce da ke kashe injunan nan a garejojinmu, kuma abin takaici an mai da ita kamar ilimi. Tamostat ɗin wannan inji aiki biyu yake yi. Yana fara buɗe hanyar lagireto a digiri 80, kuma a daidai lokacin wani faifai da ke gindinsa yana rufe gajeriyar hanyar da ke mai da ruwa kai tsaye zuwa famfo. In aka cire shi, wa zai rufe wannan hanya? Ruwa kuwa sauƙi yake bi. Kaso mai yawa zai riƙa kewaya cikin inji bai leƙa lagireto ba, ga sabon lagireto ka saya amma mota tana tafasa a hawa ko da lodi. Da safiyar hunturu kuma injin ba zai yi ɗumi da wuri ba, gas ba zai ƙone sosai ba, sai hayaƙi da baƙin mai da cin zobban fistin. Wanda ya ce zafin Katsina ya sa ba a buƙatarsa, a tambaye shi ko rana ta taɓa kai digiri 80 a inuwa. Sau da yawa lagireto ne ya toshe, ko bel ya saki, ko famfon ruwa ya gaji, a rasa gano ciwon sai a huce a kan tamostat. Haka masu fasa ƙwai ko zuba garin barkono wai don toshe yoyo, hanyoyin ruwan suke toshewa.

In kana shakkar naka, jefa shi a tukunyar ruwa a kan wuta. Mai lafiya zai buɗe sosai kafin ruwan ya tafasa. In bai buɗe ba a sayi sabo mai lamba 80, a ɗaura shi kibiyarsa tana kallon sama.

Game da gasket, bayan gyara ka buɗe murfin lagireto inji yana a huce, ka kunna. In kumfa na tasowa ba tsayawa, ko man inji ya koma kalar shayi da madara, ko ruwa na raguwa ba yoyo, to ya riga ya taɓu, sai a buɗe kan inji. In babu ko ɗaya, allura ta tsaya kaɗan sama da 80, ka koma bakin aikinka.