Furanni lafiya lau, tumatir ya tsumbure: daga irin fure ne?

Tambaya: Malam, ina da lambun furanni a Sakkwato, a gefe kuma ina rainon dashen tumatir. Bana na shuka irin furen fetuniya da aka kawo min daga waje. Furannin lafiya lau, amma tumatirin da ke kusa ya tsumbure, ganyen sama ya yamutse. An ce wai wata cutar tsirrai ce da ake kira bairoyid, daga iri. Mai shagon magani ya ce in shanya ragowar irin a rana, in gauraya shi da hodar magani. Jarina ke nan, ina mafita?

Amsa: Allah ya mayar da alheri. Da farko ɗaga ganyen ka duba ƙarƙashinsa, domin farin ƙuda ma yana kawo irin wannan yamutsewar, kuma shi ya fi yawa a wajenmu. Amma zarginka yana da tushe. An tabbatar fetuniya tana ɗaukar bairoyid ta cikin iri ba tare da ta nuna alama ba, sai tumatir ya kwashi wahalar.

Maganar shanya iri kuwa, kullum sai na ji ta, kuma tana ƙona min rai. "Ai ranar Sakkwato ba ta barin cuta." Wa ya faɗa? Bairoyid ba ƙwaro ba ne, ba fumfuna ba ce. Ɗan zaren RNA ne (sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado) tsirara, ko rigar furotin irin ta bairos ba shi da ita, tun 1971 masanin cututtukan tsirrai Theodor Diener ya bayyana shi a Amurka. Yana can cikin ƙwayar irin, hoda kuwa bayan fata take tsayawa. Ka shanya iri a kan tabarma a watan Afrilu, ƙarfin tsirarsa za ka rage, cutar tana nan daram. Zafi ma ƙara wa bairoyid yawa yake yi a jikin shuka. Har yau babu maganin feshi da ke warkar da shi. Duk wanda ya miƙo maka kwalba ya ce tana yi, kuɗinka yake so, kuma hakkin duk manomin Kwalkwalawa, ƙauyen nan kusa da Sakkwato, da ya sayi dashenka yana wuyansa.

Daina sayar da dashen. Tuge waɗanda suka kamu ka ƙone, kada ka zuba su a taki. Almakashi da wuƙa su ke yaɗa cutar, saboda haka a riƙa tsoma su cikin ruwan Hypo kafin a taɓa wata shuka, a kuma wanke hannu. Raba furanni da tumatir da barkono. Gwajin ɗakin bincike, irin wanda ake kira RT-PCR, ne zai tabbatar, sai ka ɗauki ganye da ragowar irin ka nemi shawarar malaman aikin gona a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko hukumar NAQS mai kula da killace tsirrai da dabbobi.