Takardar gwajin hayaƙi ta tirelar da aka sayo daga Jamus

Tambaya: Ina shirin sayo kan tirela ƙirar DAF daga Jamus. Dillali ya ce Euro 6 ce, kuma ta ci gwajin hayaƙi bana. Wane gwaji ne wannan, kuma zai amfane ni idan ta iso Kano?

Amsa: Alhaji, gwaji biyu ne dillalin ya haɗa maka a baki ɗaya. Na farko na kamfani ne. Tun farkon 2014 ba a yi wa sabuwar babbar mota rajista a Tarayyar Turai sai injinta ya cika ƙa'idar Euro 6, wadda ta rage NOx, wato iska mai guba da injin ke fitarwa, daga giram 2 zuwa kusan 0.4 a kowane kilowat na awa. Wannan ya wuce tun motar tana sabuwa.

Na biyu shi ne ya shafe ka. A Jamus duk motar kaya da ta haura tan 3.5 ana duba ta kowace shekara, kuma daga Yulin 2023 ana zura wa Euro 6 na'ura a salansa a ƙirga ƙwayoyin toka. Idan sun wuce 250,000 a santimita kubik (cm³) ɗaya na hayaƙi, ta faɗi. Motar da matatar tokarta, DPF, ke lafiya ba ta ko kusantar wannan adadi; wadda matatar ta tsage ko aka fasa ta, nan take asirinta ke tonuwa, ko da ido bai ga baƙin hayaƙi ba. Saboda haka takardar tana da daraja. Amma ka nemi ainihinta, ka duba kwanan wata, ka gwada lambar shasi da wadda ke jikin motar, don maganar dillali ba takarda ba ce.

Inda gizo ke saƙa shi ne bayan ta sauka. An ƙera injin ne don man gas mai sulfa kaɗan ƙwarai, kashi 10 cikin miliyan. Gas mai datti yana toshe matatar, yana kuma lalata sashen SCR, mai rage iskar NOx, da ke aiki da AdBlue, ruwan nan mai yuriya kashi 32.5 cikin ɗari. Idan AdBlue ya ƙare, ko aka zuba na jabu, kwamfutar motar za ta fara zaftare ƙarfin injin, in an yi biris ta hana ta wuce kilomita 20 a awa, ko a tsakiyar hanyar Lokoja ne da kaya.

Makanikai da yawa za su ce a cire tsarin gaba ɗaya. Ni ban ba da wannan shawara ba: direbanka da yaron mota ne farkon masu shaƙar tokar. Kafin ka biya kuɗi, a jona na'urar bincike a soket ɗin OBD, wato mahaɗar kwamfutar motar, a karanta maka kurakuran da ke ajiye, sannan ka tabbatar da inda za ka riƙa samun gas mai tsabta da AdBlue na gaske a hanyar da motar za ta bi.