Filin Lissafi: Lambobi nawa ne ke raba 720,720?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. An rubuta mana 720,720 a allo, aka ce mu faɗi adadin lambobin da ke raba ta ba saura. Na bi su ɗaya bayan ɗaya har na gaji. Akwai gajeriyar hanya? Daga ɗalibin sakandare, Mabera, Sakkwato.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Bar wannan gwajin, farfasa lambar za ka yi, wato ka rubuta ta a matsayin ninkin lambobin da ba sa rabuwa sai da kansu da 1. Dube ta da kyau: 720 ce aka rubuta sau biyu. Duk lamba mai irin wannan siffa, alƙaluma uku da aka maimaita, ukun farko ne sau 1001. Ke nan 720,720 ita ce 720 × 1001.

A nan ɗalibai da yawa ke tuntuɓe, su ɗauka 1001 ba ta rabuwa sai da kanta da 1, don 2, 3 ko 5 ba sa raba ta. Alhali 7 × 11 × 13 ce. Ita kuwa 720 ita ce 2 × 2 × 2 × 2 × 3 × 3 × 5.

Yanzu ƙirga sau nawa kowace ta fito, ka ƙara mata ɗaya. 2 ta fito sau huɗu, ka rubuta 5. 3 sau biyu, ka rubuta 3. Sauran huɗun, wato 5, 7, 11 da 13, sau ɗai-ɗai ne, kowace 2. Ninka su: 5 × 3 × 2 × 2 × 2 × 2, ka samu 240. Dalilin ƙara ɗayan shi ne, wajen haɗa mai rabawa kana iya ƙin ɗaukar lambar gaba ɗaya, shi ma zaɓi ne. Wanda ya manta da shi 8 zai samu, ya faɗi tambayar.

Malaminku bai zaɓe ta a banza ba. Ita ce mafi ƙanƙantar lambar da 1 zuwa 16 duk suke rabawa. Sai a 17 take barin saura 5. Wannan dabarar ta neman mafi ƙanƙantar lamba ce malaman rabon gado ke bi idan sumuni (ɗaya bisa takwas) ya haɗu da sudusi (ɗaya bisa shida), su mayar da asalin mas'ala 24, mafi ƙanƙantar lambar da 8 da 6 ke rabawa. Kuma babu wata lamba ƙasa da 720,720 mai masu rabawa 240. Irin waɗannan lambobin ne Ramanujan, masanin lissafi na Indiya, ya yi rubutu a kansu a 1915.

Tambaya: Malam, akwai lambar da za a ninka da kanta ta ba da 720,720? Daga malamar firamare, Boɗinga.

Amsa: Babu, Malama. Sai adadin fitowar kowace lamba a farfasawar ya zama cika, ba mara ba, ga shi 5, 7, 11 da 13 duk sau ɗaya suka fito. 848 × 848 ta tsaya a 719,104, ita kuma 849 × 849 ta zarce zuwa 720,801.