Amsa ga mai son ratsa Gana a kan keke da kuɗi kaɗan

Malam, ka tambaya ko mutum zai iya taka keke daga Akara zuwa Tamale ba tare da ya kashe kuɗi masu yawa ba. Zai iya, amma ya zaɓi lokacinsa da kyau. Kudancin Gana damina biyu yake gani, babbar daga Afrilu zuwa Yuli, ƙaramar kuma wajen Satumba da Oktoba, don haka Disamba ko Janairu sun fi dacewa, ko da yake ƙurar hunturu za ta busar maka da maƙogwaro idan ka kusanci arewa.

Daga Akara zuwa Kumasi kusan kilomita 250 ne, daga Kumasi zuwa Tamale kuma kusan 380. Ka riƙa fita bayan sallar asuba, ka tsaya kafin rana ta take, domin zafin kudu mai ɗanshi ne, gumi ba ya bushewa a jiki. Babbar hanyar Akara zuwa Kumasi cike take da manyan motoci. A ganina gara ka ɗora keken a kan motar haya da suke kira trotro, ka ƙetare wannan yanki.

Abinci ba zai cinye maka aljihu ba. Da safe akwai koko da ƙosai a bakin titi, da rana kuma waakye, wato shinkafa da wake, wanda sunansa ma daga Hausa ya fito. A unguwannin zango za ka sami masu jin Hausa da za su nuna maka masauki mai araha. Idan fasfonka na Najeriya ne ba ka buƙatar biza, amma ka riƙe katin rigakafin cutar shawara, ka kuma ɗauki gidan sauro da kayan faci.